Lita Uku Zuwa Asibiti

Duk wanda ya taɓa kai agogonsa gyara shagon Lita ya san ba zai fito da agogo kaɗai ba, sai an haɗa masa da karatun mota. Mutumin gyaran agogo ya koya, amma tun ranar da aka gaya masa cewa cikin giyar mota ma haƙora ne ke juya haƙora, shi ke nan ya naɗa kansa masanin duk wani abu mai juyawa a duniya. Sunan Lita kuwa 'yan layi ne suka laƙaba masa, don ba ya auna tafiya da nisa ko da lokaci. Ka tambaye shi ko kasuwa da nisa, ya ce rabin lita. Gidan surukansa lita biyu da kwata ne, shi ya sa ba ya zuwa.

Motarsa ta gado ce, mahaifinsa ya bari, irin mai giyar hannu da ake ce wa manuwal. Fentinta ya daɗe da manta kalarsa ta asali, amma Lita ya raɗa mata suna Sha-Kaɗan, kuma ba ya amsawa in an kira ta da wani sunan. Babban aikinta ɗaya ne, kowace Laraba ta ɗauki Inna, mahaifiyarsa, zuwa asibiti a duba mata gwiwar hagu. Shekara tara ke nan ba fashi. Ranar Laraba Lita kan rufe shago, ya sa riga mai guga, ya buɗe wa Inna ƙofar baya a gaban jama'a, ya ja mota yana ɗaga wa 'yan layi hannu. A ranar kaɗai yake jin shi ne babban ɗa a gidan nan da gaske, sauran kwana shida mai gyaran agogo ne kawai. Dokar Inna ce kuma tun bayan rasuwar maigidanta, motar da ke kai ta asibiti ita ke kwana a gareji.

Ana nan sai ga Auta, ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, an dawo da ita aiki gida. Ba ita kaɗai ta dawo ba, ta zo da wata ƙaramar mota fara mai canja wa kanta giya, wato otomatik. Lita ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa wajen ƙafar direba, ya ƙirga abin takawa ya ga biyu ne, ya girgiza kai kamar an nuna masa mara lafiya.

"Auta, ina kulocin?"

"Ba ta da shi, Yaya."

"To an cuce ki. An sayar miki da mota ba a gama haɗa ta ba."

Bayan 'yan makonni sai ya ga jar alamar 'yan koyo manne a bayan farar motar. Ranar ya ci dariya har da riƙe ciki, ya bi layi yana ba da labarin cewa ƙanwarsa shekara biyu da lasisi amma har yanzu motar da ke tuƙa kanta ta gagare ta. Auta dai ta ci gaba da ɗaukar Inna kowace safiya su fita shan iska wajen filin ƙwallon da ke bayan makaranta, su dawo suna dariya ƙasa-ƙasa. Wannan bai dami Lita ba, tunda shan iska ba asibiti ba ne.

Wata Asabar ana karyawa, Inna ta ajiye kofin shayinta ta ce, kamar ba wata magana ba, "Babba, Larabar nan ka huta. Motar Auta za ta kai ni."

Lita ya ajiye burodinsa. Ya ji abin har cikin ransa, amma shi ba mutumin da zai ce Inna kada ki raba ni da Larabata ba ne. Sai ya kama abin da ya iya.

"Inna, wannan motar? Ai rijiya ce mai taya huɗu. Motar da ke canja wa kanta giya ba ta san zafin mai ba. Hannun mutum shi ke da tausayi."

"Na da ne ke sha, Yaya," in ji Auta. "Na yanzu sun fi mutane da yawa sanin lokacin canjawa."

"Mutane da yawa. Ni ba mutane da yawa ba ne."

"Wannan kam kowa ya shaida."

"To a gwada!" Ya bugi tebur har cokali ya yi tsalle. "A juye man kowacce tas, a zuba musu lita uku-uku. Daga ƙofar gidan nan zuwa asibiti, a dawo. Wadda ta fi rage mai ita ke da Inna, ita ke da gareji, har abada."

Ya zaci Inna za ta ce su bar shirme. Sai ta ɗauki kofinta ta kurɓa, ta ce, "Allah ya kai mu Larabar."

Kafin azahar duk layi ya ji, domin Lita da kansa ya bi shago-shago yana gayyata. Aka naɗa Mai Faci, mai gyaran taya na bakin titi, ya zama ma'auni, tunda shi ke da tiyo da kwalbar lita ɗaya. Aka ce kowace mota ta ɗauki shaida ɗaya, tsakanin Mai Faci da Tela, mai ɗinkin layin. Lita ya ƙyalla ido ya ga Mai Faci siriri ne kamar tsinken ashana, ya ce shi yake so. Auta ta ce a jefa kwabo. Aka jefa, Tela ya faɗo wa Lita. Tela kuwa mutum ne da Allah ya yi wa yalwar jiki, shi kansa in zai ɗinka riga sai ya sayi yadin mutum biyu.

Ranar Talata da la'asar Lita ya fito da akwatin sifana, ya fara abin da ya kira rage nauyi. Ya cire safaya taya. Ya cire jak. Ya cire tabarman ƙafa, da rediyon da dama ba ya aiki, da abin kare rana, da murfin akwatin takardu. Matarsa ta leƙo ta ga yana jan kujerar baya gaba ɗayanta zuwa zaure.

"Wannan kuma fa?"

"Kwata lita ce kike gani."

"To Inna a ina za ta zauna?"

"Ke dai ki sa ido, ki ga ilimi."

Daga nan ya kai motar wajen Mai Faci ya ce a ƙara wa tayoyi iska. Aka ƙara, ya ce a ƙara. Mai Faci ya danna tayar da babban yatsa ya ce, "Lita, wannan ta zama dutse fa."

"Dutse na nema. Taya mai laushi ɓarauniyar mai ce."

"In ta fashe ba ruwana."

"Shekara nawa kana faci, ka taɓa ganin dutse ya fashe?"

Safiyar Laraba ƙofar gida ta cika. Mai aski ya bar wani da rabin kai a kan kujera ya fito, shi ma mai rabin kan ya biyo shi da ƙyalle a wuya. Mai Faci ya zuƙe tankunan biyu da tiyo, ya tofar, ya auna kwalba uku-uku a gaban kowa. Sai ga Inna ta fito da sandarta da katin asibiti, ta nufi Sha-Kaɗan kamar yadda ta saba shekara tara. Ta kama ƙofar baya, ta leƙa, ta ga ƙarfe tsirara.

"Babba, ina kujerata?"

Lita ya matso ya rage murya, amma ba yadda jama'a ba za su ji hikimar ba. "Inna, yau ɗaya ki daure ki bi Auta. Nauyinki zai ƙara mata shan mai. Dabara ce."

"Wato ni kaya ce."

"A'a, Inna. A ilmance dai, kowa kaya ne."

Inna ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Da mai hankali ne da ya gane a nan aka gama gasar. Ta ce, "To," ta juya ta shiga farar motar. Mai Faci ya shiga baya. Auta ta murɗa makulli, motar ta sulale ba ko tari, ta sha kwanar layi ta ɓace.

"Ku bar su su yi gaggawa," in ji Lita. "Gaggawa mai take ci."

Ya juyo kan Tela. Ya sa shi ya cire takalmi, ya zazzage aljihu, aka fitar da almakashi, da awon ɗinki, da makullai, da ayaba biyu. Tela ya ce ayabar karin kumallonsa ce. Lita ya ce ko a ciki take ko a aljihu nauyin ɗaya ne, a bar ta a gida. Ya rufe gilasai ruf, wai iska in ta shigo tana riƙe mota ta baya. Sannan ya leƙo ta ƙofa ya yi wa taro jawabi cewa giya ta ɗaya da ta biyu na 'yan koyo ne, su ne mashayan mai, gwani daga ta uku yake tashi.

Ya sa ta uku, ya saki kuloci. Sha-Kaɗan ta yi tsalle ɗaya kamar an tsikare ta, ta mutu. Ya sake, ta sake. A karo na uku goshin Tela ya gaisa da gilashin gaba.

"Lita, ko dai mu ɗan koma 'yan koyo, mu fita daga layin nan?"

"Injin ne bai ɗumama ba."

"Ni dai na ɗumama."

Ya faki ido ya sa ta ɗaya, ya rufe sandar giyar da hannun riga don kada a gani. Mai aski ya gani, ya kuma sanar da kowa.

Suka kama titi. Tsarin Lita shi ne duk inda mota ta tsaya, ko na ƙiftawar ido ne, a kashe inji. A danjar farko ya kashe, ya tayar. A ta biyu ya kashe, ya tayar. Da suka shiga cunkoson bakin kasuwa kuwa, inda ake tafiya taku uku a tsaya, sai ya zama kashewa da tayarwa ba hutu. Batirin Sha-Kaɗan dama tsoho ne, ya yi haƙuri sau tara. A na goma Lita ya murɗa makulli, aka ji ƙet, shi ke nan. Ya sake murɗawa, ko ƙet ɗin ma ba a samu ba. Na baya suka ɗora hannu a kan ham. Wani direban bas ya leƙo ya tambaya ko nan ne sabon garejinsu.

Lita ko a jikinsa. Fuskarsa ma haske ta yi. "Ka ga falalar manuwal ke nan, Tela. Da otomatik ce yanzu sai a kira motar ja. Tamu kuwa turawa kawai ake yi."

"Wa ke turawa?"

Lita ya dube shi.

"Ni shaida aka ce in yi!"

"To ka shaida daga baya, an fi gani sosai."

Tela ya fita ba takalmi, kwalta ta riga ta ɗau rana. Ya dafa bayan motar yana ɗaga ƙafa ɗaya yana ajiye ɗaya. Matsalar ita ce a cunkoso ba filin da mota za ta yi gudun da za ta tashi, don haka haka ya yi ta tura ta taku uku-uku tun daga masu kayan miya har ƙarshen masu robobi. Lita na ciki yana murza sitiyari da yatsa biyu, yana leƙa allurar mai yana murmushi.

"Tela! Ko motsi allurar ba ta yi ba!"

"Tawa allurar ta kusa ƙasa!"

Wata mai sayar da tumatir ta ce, "Bawan Allah, laifin me ka yi masa?" Sai da suka fita kasuwa wasu 'yan dako biyu suka tausaya suka sa hannu, Sha-Kaɗan ta yi tari ta kama. Lita bai tsaya ba, don in ya tsaya tsarinsa ya ce a kashe. Tela ya bi ta da gudu, ya kama ƙofa, ya faɗo ciki da rabin jiki, sauran rabin ya iso daga baya.

Tsakanin kasuwa da asibiti akwai tudu, dogo, mai tankin ruwa a ƙolinsa. Duk mai hankali da giya ta biyu yake hawansa. Lita ya ce ta biyu wa, ya zura ta huɗu tun daga gindi. Sha-Kaɗan ta fara da kyau, sannan ta fara rawar sanyi, sitiyari na kaɗawa, haƙoran Tela na haɗuwa. Daidai rabin tudu ta yi ajiyar zuciya ta mutu. Sai itatuwan gefen hanya suka fara tafiya gaba.

"Lita, baya muke yi."

"Na sani. Da gangan ne."

"Ja hambirki!"

Lita ya ja, sandar ta taso har sama ba ta kama komai ba, don jiya wajen kwance kujera ya kwance wata waya da bai san ta mece ce ba. Amma Allah ya ba shi sa'a guda. Ya danna ribas ya saki kuloci, gangarowar da suke yi ta tayar da injin. Ya taka birki suka tsaya, saura kaɗan su shiga teburin wani mai gyaran waya, wanda tuni ya kwashi wayoyin mutane a riga ya haye dakali.

"Ka gani?" in ji Lita. "Ka taɓa ganin otomatik ta tashi da baya?"

"Ban taɓa ganin ta buƙaci hakan ba."

Yanzu kam tsoron mutuwar inji ya kama shi. Ya sa ta ɗaya, ya nitsa totur har ƙasa, ya riƙe kuloci rabi. Sha-Kaɗan ta hau tudun tana kururuwa, mutane na fitowa daga shaguna su ga abin da ake yankawa. Wari ya cika motar, irin na guga in an manta ta a kan riga. Tela ya roƙi a buɗe gilashi ko yatsa ɗaya, Lita ya ce iska za ta riƙe su. Da suka kai ƙoli ya saci kallon allurar mai, ya ga ta yi ƙasa. A nan ya tuna Inna, da rigar guga, da ƙofar da yake buɗewa. Ya ce a ransa duk abin da tudu ya sha, gangare zai biya.

"Tela, yanzu za ka ga abin da ba a koyarwa a makarantar tuƙi."

Ya sa motar a firi, ya kashe inji. Sha-Kaɗan ta fara gangarawa shiru, ba ƙara sai ta tayoyin nan masu tauri. Daga can ƙasa ana hango ginin asibiti, hanya ta yi kwana ta hagu kafin a kai ƙofarsa, a kan kwanar kuma akwai wajen masu buga bulo da tarin yashinsu.

"Ko ɗigo ba ta sha yanzu. Kyauta muke tafiya."

"Ka tabbata a kashe take? Gudun nan ya yi yawa."

Wannan tambaya ita ta kashe su. Lita ba ya son a yi shakkar maganarsa. Ya zare makullin gaba ɗaya, ya kaɗa shi a gaban hancin Tela.

"Ga shaida, tunda kai shaida ne!"

Ya ɗan murza sitiyari don ya kauce wa rami, aka ji ƙaras. Sitiyari ya kulle. Ya murza hagu, ya murza dama, kamar yana murza bango. Ya taka birki, na farko ya ɗan kama, na biyu ya yi tauri, na uku kamar ya taka dakali, don birkin ma ashe da inji yake samun ƙarfi. Ya kai makulli zai mayar, tayar dutse ta daki ramin da ya so kaucewa, makullin ya yi tsalle ya faɗa ƙasa. Da akwai tabarmar ƙafa da a kanta zai tsaya. Babu, sai ya bi wata ɓula a ƙarfen ya sauka kan titi.

Tela ya fara kiran sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya yana yafe musu. Lita ya danna ham, ya tuna batir ya mutu. Ya so ya leƙa ya yi ihu, gilashi a rufe, abin murɗa shi kuma ya kwance shi da safe bayan ya rufe, don rage nauyi. Hanya ta yi kwanarta ta hagu, Sha-Kaɗan ta ce ita ba ta san da wannan ba, ta miƙe. Masu bulo suka watsar da shebur suka tarwatse. Motar ta nitsa hanci cikin tarin yashi har gilashi, ta tsaya cak. Sannan tayar gaba ta dama, wadda ta yi ta haƙuri tun jiya, ta fashe da ƙarar da ta tayar da tantabarun rufin asibiti.

Ba wanda ya ji ciwo, in ban da mutunci. Kafin su fito jama'a sun taru, masu bulo, masu jiran bas, 'yan dubiya da kwanukan abinci, har da mai gadin asibiti. Aka jawo Tela ta ƙofa mutum uku. Ya zauna a kan bulo yana duba tafin ƙafarsa. Babban masu bulon ya ce a kawo safaya a canja a fitar masa da mota daga yashi. Lita ya ce safayar tana gida. Jak fa? Yana gida. Makulli? Yana kan tudu.

"To me ka fito da shi?"

"Ni," in ji Tela.

Amma Lita ya karkaɗe rigarsa mai guga, ya hau kan bulo biyu, ya fuskanci taro. Ya ce kada kowa ya ruɗe, wannan gasa ce ta mai, ba ta kyan tsayawa ba. Ya ce a kawo tiyo a auna a gani. Yana cikin haka sai ga farar mota ta fito daga ƙofar asibiti a hankali, ta sa sigina tun daga nesa, ta zo ta tsaya daidai gefen yashin, tsayawa mai laushi ko kan mutum bai gyaɗa ba. Lita ya nufi wajen direba da yatsa a sama.

"Auta, kada ki yi murna tukuna, sai an..."

Gilashi ya sauka. Inna ce. Tabarau a kan hanci, matashin kujerar falo a ƙarƙashinta, hannu biyu a kan sitiyari. Auta na gefe ta toshe baki da mayafi. Mai Faci na baya ya rungume sandar Inna da kwalbarsa.

Yatsan Lita ya sauko da kansa. "Inna... ke ce... tun daga ina?"

"Tun kwanar layi," in ji Mai Faci. "Wallahi ko rami ɗaya ba ta faɗa ba. Har likita ya gama da ita, mun sha lemo."

"Alamar 'yan koyon nan da ka yi ta yi wa dariya, tawa ce," in ji Inna. "Mahaifinka ya so ya koya mini a waccan da ka binne, kuloci ya hana, gwiwar nan ba ta iya taka shi. Da na ce kai ka gwada mini, ka ce tuƙi sai mai ilimin haƙora. Wannan kuwa ƙafa ɗaya take so, ta dama, kuma tawa lafiyarta ƙalau."

Taro ya ɗauki sowa. Lita ya ce duk da haka a auna, doka doka ce. Mai Faci ya fito da tiyo. Ya zuƙi farar mota, kwalba biyu da ɗan ƙari. Ya zuƙi Sha-Kaɗan, kwalba biyu cif, sai wani ɗan kurɓi da ya tsaya a tiyo.

"A zuba na tiyon!" in ji Lita. "Nawa ne! Kun gani, kusan kunnen doki!"

"Ita ta kai asibiti har ta juyo," in ji mai gadi. "Kai ko ƙofar ba ka kai ba."

"Kuma rabin tafiyar ni ne injin," in ji Tela daga kan bulo. "A zo a auna ni, a ga lita nawa na sha."

Har masu bulon da aka ɓata wa yashi sai da suka zauna don dariya. Inna ta dubi Lita, ta ga rigar gugar da ya sa dominta ta yi butu-butu, sai ta sassauta murya.

"Shekara tara, Babba, duk giyar da ka canja sai wuyana ya amsa. Ban taɓa faɗa ba, don na ga kana jin daɗin kai ni. Yau kuma da bakinka ka ce ni kaya ce, ka ba wani ya ɗauka. To kayan sun koyi kai kansu." Ta gyara tabarau. "Garejin kuwa ka riƙe. Motar mahaifinku ta tsufa, ba na fitar da tsoho waje. A jawo ta ta kwanta."

Aka jawo ta da yamma, a bayan motar masu bulo. Ta shiga gareji ta kwanta, kujerarta a zaure, safayarta a jingine da bango. Lita ya samu garejin da ya yi faɗa a kansa, ya kuma gane ba shi yake so ba. Kwana shida ba wanda ya ji kalmar lita a bakinsa, masu kawo agogo har suna tambaya ko ba shi da lafiya.

Laraba ta zagayo. Tun da safe ya tashi ya sa riga mai guga, don hannunsa ya saba, sai da ya gama ɓalla maɓalli ya tuna. Ya fito ya tsaya a ƙofar gida, bai buɗe shago ba, bai kuma san inda za shi ba. Farar mota ta fito, Inna a kan matashinta, Auta a gefe. Ta wuce shi kaɗan, ta tsaya, ta danna ham.

"Tsayuwar me kake yi? Shigo ka riƙe mini katin."

Ya shiga baya da sauri, ya karɓi katin da hannu biyu, ya ɗora sandarta a cinya. Da suka bi layi sai ya ga hannunsa ya ɗagu da kansa yana gaida mutane. Tela ya leƙo daga shago, ya ga ko wane ne, ya koma ciki ya rufe ƙofa. Lita ya yi shiru har danjar farko, ya yi shiru har kasuwa. A gindin tudu abin ya fi ƙarfinsa.

"Inna, da kin ɗan sassauta totur, nan wajen tana shan..."

"Ka ƙara magana in kashe ta ka sauka ka tura."

"Ai Inna, otomatik ba a tura ta."

"To ka ga ba ka da aiki ke nan. Riƙe katin da kyau."